Yadda Maiwada Ya Yi Gaba da Tuwo

Duk wanda ya ce muku Maiwada ne ya ceci Unguwar Maitama daga yunwa, ku tambaye shi a bakin wa ya ji. Wallahi a bakin Maiwada ya ji. Ni Aƙilu ina cikin tafiyar nan, da ƙafata na taka, da hancina na shaƙa, kuma har yau in aka soya man shanu kusa da ni sai zuciyata ta tashi.

'Yan shekaru ne bayan Turawa sun miƙa mulki. A ranin wata shekara gara ta ɓullo ta ƙarƙashin rumbun mai unguwa, inda dukanmu muke ajiye irin dawa, ta yi aikinta shiru ba wanda ya sani. Ranar da aka buɗe, sai ƙasa da ƙaiƙayi. Ga bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa ta gabas, in ruwan shuka ya sauka ba mu da abin jefawa a rami. Dawar kasuwar Funtua kuwa ta ci ce, gauraye, ba ka san uwarta ba balle ubanta. Mai unguwa Maitama ya tara mu ya ce a je wajen Sarkin Noma Ɗanasabe, wani Bamaguje da ke can cikin daji bayan Malumfashi, a roƙo iri. Aka zaɓe ni da maƙwabcina Labo, mai bakin tsiya, aka haɗa mu da jakin mai unguwa.

Ba wanda ya zaɓi Maiwada. Shi ya zaɓi kansa.

Maiwada ya taɓa yi wa wani Bature mai awon ƙasa dakon kaya. Ko wata bai cika ba aka sallame shi, amma tun daga nan in yana magana sai ka ɗauka shi ya shimfiɗa hanyar jirgi. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan biyun ba su san tafiya ba. Za su cika jaka da fura da dambu, su ci su yi nauyi, su miƙe a gindin kuka har damina ta wuce. Ni na ga yadda Bature ke yi. Mai da nama, shi ke nan! Ludayi ɗaya na man shanu ya fi akushin tuwo riƙe ciki, ga shi ba nauyin ɗauka. Hatsi shi ke kawo kasala. Wa ya taɓa ganin zaki yana cin tuwo?"

Labo ya ce, "Ni kuma ban taɓa ganin zaki ya kai kaya Malumfashi ba. Jaki na gani, shi kuwa dusa yake ci."

Aka kwashe da dariya. Maiwada ya ce dariyar jahilci ce. Ya yi ta zuba har mai unguwa ya gaji ya ce, "To, na ji, guzuri yana hannunka. Amma ku saurara da kyau. Ɗanasabe ba ya hana iri, sai dai yana da al'adarsa. Wanda ya zo roƙo sai ya ci tuwon dawar a gidansa, a gaban iyalinsa, sannan a ba shi. Abin da aka ajiye muku, ku ci."

Ni na ji, Labo ya ji. Maiwada a lokacin ya juya yana nuna wa liman yadda Bature ke fasa gwangwani.

Washegari ya bazama. Ya je ruga ya samo man shanu ƙwarya guda, ya bi mahauta ya karɓo kakide, wato kitsen da aka narkar ya daskare, ya haɗa da soyayyar gyaɗa da riɗi da 'yar kilishi da dafaffen ƙwai. Wata tsohuwa ta miƙo masa ƙuli-ƙuli saboda Allah, ya ture hannunta ya ce gawar gyaɗa ce, an riga an zare mata rai. Matarsa Laraba ta biyo shi har ƙofar gida da ƙullin gumba.

"Malam, ko 'yar wannan ka jefa a aljihu, ba a san hali ba."

"Laraba, kada ki zubar mini da mutunci a gaban mabiyana."

Mabiyansa! Ni da Labo ke nan fa.

Laraba ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. Amma dai ka tafi da wando biyu."

Da sassafe muka fita. Muna wuce gonakin bayan gari ya ce a tsaya, ya zazzage jakunkunanmu kamar ɗan doka. Ya zaro furata, ya zaro dambun da uwar Labo ta yi masa, ya juye su gaban jaki ya ce, "Ga mai shi nan." Jaki bai yi musu ba. Muna tsaye muna kallo ya lashe tas, har ya ɗaga kai yana neman ƙari. Ban taɓa jin haushin dabba irin na ranar ba.

Labo ya ce a ɗura man a tandun fata a rataya wa jaki. Maiwada ya ce jaki ba shi da natsuwa, dukiya irin wannan sai a kan mai hankali. Ya naɗa gammo a bisa rawaninsa, ya ɗora ƙwaryar, ya rufe da faifai. Ga farar babbar riga ya sha, wai shi ne shugaban tawaga. Sannan ya fito da ludayi ya ɗura mana man shanu ɗaya bayan ɗaya, kamar masu shan maganin tsutsar ciki, ya bi mu da gutsuren kakide. Kakiden ya manne mini a dasashi, na yi ta sa harshe ina kankara har muka yi nisa.

Da farko, gaskiya, tafiya ta yi kyau. Maiwada na gaba yana taku ɗai-ɗai, yana ce mana mu ji yadda jiki ya yi sakayau. Sai rana ta ɗaga. Ranar bazara kuwa ba ta san shugaban tawaga ba. Man ya narke ya zama ruwa, in ya taka sai ƙwarya ta ce caɓal. Ya fara da jiƙa gammo, ya gangaro rawani, ya biyo bayan kunne, ya tsaya a gemu yana ɗiga.

Na ce, "Maiwada, guzurinmu fa yana bin wuyanka."

Ya ce, "Da gangan ne. Fata ma tana ci. Bature har shafawa yake yi."

Labo ya ce, "Ashe ƙudan nan ma almajiran Bature ne, ga su sun zo ɗaukar karatu."

Ƙudaje kam sun zo, ba kaɗan ba. Ga ƙurar hanya tana mannewa. Kafin azahar farar riga ta koma kalar tsumman mai tuyar ƙosai.

A gindin wata tsamiya muka tarar da wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar fura da nono tana hutawa. Ta dubi Maiwada ta kama haɓa.

"Kai Kaɗo, kai ka faɗa tukunya ko tukunya ce ta faɗa maka?"

"Ba ki san tafiyar zamani ba. Kindirmo za ki ba mu, ba fura. Ki sa mai da yawa."

"Mai kuma? Ai ga shi nan a gemunka. Matso in yaɓo maka, ba sai ka biya ba."

Maiwada ya zauna ya fara yi mata wa'azi a kan sharrin gero. Ita kuwa tana ta dama fura, ƙamshin citta da kanumfari na dukan hancinmu. Labo ya taɓa ni ya ce jaki na son a gyara masa mangala. Muka zagaya bayan jaki, ita ma ta gane, ta miƙo mana ƙoƙo ta ƙarƙashin cikinsa. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, duk inda take. Muka sha muka goge baki muka dawo, muka tarar Maiwada ya kafa kai a ƙwaryarsa yana kwankwaɗar narkakken mai, wai kada sauran ya zube a banza. Ya ɓare ƙwai biyu ya ɗora. Ƙwan nan tun jiya aka dafa su, sun yini a cikin jaka a rana, da ya fasa har jaki ya juya baya.

Ya dube mu ya ce, "Kun gani? Fuskarku har ta yi haske. Aikin mai ke nan."

Muka ce ƙwarai kuwa.

Ba mu yi nisa ba na ji wani ƙugi. Na ɗaga kai sama ina neman hadari. Labo ya ce in daina wahalar da wuyana, hadarin yana cikin rigar Maiwada. Shugaban tawaga ya tsaya cak, ya sauke ƙwarya a hankali, ya ce zai leƙa ya duba ko hanyar nan ce. Ya faɗa cikin sabara da gudu. Ya dawo ya ce hanyar ce. Muka ɗan taɓa, ya ce zai sake dubawa. Daga tsamiyar nan zuwa la'asar, ba kurmin da Maiwada bai duba ba. Labo ya ce ko Baturen da kansa bai auna ƙasar Katsina haka ba.

A dubawa ta ƙarshe ƙafafunsa suka ƙi. Ya fito ya zube a gindin wata ɗorawa ya ce ba gajiya ya yi ba, Bature ma yakan kwanta ya yi tunani. Inda ya zaɓa ya yi tunanin kuwa bakin gidan cinnaku ne. Mutum ya jiƙe da mai tun daga rawani har ƙafar wando, ya zo ya kwanta musu a ƙofa, me kuke so su yi? Sai muka ji ihu. Maiwada ya tashi sama, ya dire, ya yi juyi, ya mari cinya, ya mari ƙeya, ya cire riga ya jefar. Wasu manoma da ke sharar gona suka yar da fartanya suka taho kallo. Ɗaya ya tambaye ni ko biki ake yi, ina makaɗin? Labo ya ce rawar Turawa ce, ba ta son kiɗa.

Muka kwana a zauren wani ƙauye. Da gari ya waye muka tarar ɓeraye sun cinye gefen rawanin, sun yi wa rigar taga a baya. Wandon kuwa ba ya ko sawuwa. Nan ne wando na biyun da Laraba ta ce ya tafi da shi ya yi rana, kuma na ji da kunnena ya ce, "Laraba dai," a hankali. Mai gidan da ya sauke mu ya kawo koko. Maiwada ya kalli kokon nan kamar zai yi kuka, amma da ya ga muna kallonsa sai ya ce a ɗauke, ya ciro ludayi ya kankare sauran kakide ya haɗiye da ƙyar. Mu kam muka sha namu muka sha nasa.

Da hantsi ya yi zafi muka hango gidan Sarkin Noma. Ban taɓa ganin rumbuna irin na gidan nan ba, sun fi ɗakunan kwana yawa. Kafin mutane su gan mu, karnuka sun ji mu. Suka fito da haushi, ni da Labo muka maƙale wa jaki. Suna isa wajen Maiwada sai haushi ya mutu. Suka kewaye shi suna kaɗa wutsiya, wannan na lasar ƙafa, wancan na lasar gefen riga.

Ya ce, "Kun gani? Dabba ta san babban mutum."

Labo ya ce, "Ta san tsire dai."

Sarkin Noma Ɗanasabe dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, hannunsa kamar bayan kunkuru saboda riƙon garma. Ya tarbe mu da fara'a, ya tambayi lafiyar Maitama, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar rumbu. Da ya ji abin da gara ta yi mana ya girgiza kai ya ce abin bai yi daɗi ba. 'Ya'yansa da jikokinsa da matan gida suka taru. Can sai ga uwargidansa Marka da akushi, ta dire a gabanmu ta buɗe. Tuwon dawa ne, yana tururi, da miyar kuka ta sha daddawa.

Ta ce, "Baƙi, bismillarku. Dawar da kuka zo nema ke nan."

Ni da Labo muka wanke hannu. Da Maiwada ya yi shiru ya ce ba shi da lafiya, da an wuce wurin. Amma ya ga taro. Maiwada kuwa in ya ga taro, ko a kan makara yake sai ya tashi ya yi jawabi. Na taka masa ƙafa, santsin mai ya sa ƙafata ta zame.

Ya miƙe yana layi, ya ce, "Sarkin Noma, mun gode, amma ni na wuce nan. Ni da mabiyana tun daga ƙasar Funtua ba mu sa hatsi a baki ba, ga mu garau. Ilimi ya zo. Tuwo shi ya danne mutanenmu, shi ke kashe zuciya, shi ke kawo barci. In gaya maka gaskiya, hatsi abincin jaki ne."

Marka ta mayar da murfin akushi, a kan hannun Labo ma, ta ɗauke. Wallahi ji na yi kamar an ɗauke mini gonata ne gaba ɗaya.

Sarkin Noma bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, baƙo, me ya kawo ku gidana?"

"Iri."

"Irin me?"

"Na dawa."

"Abincin jaki? Haba, ai ba zan cuce ku ba. Ku koma ku shuka kakide. In ya tsiro ku aiko mini da dami ɗaya in gani."

Na durƙusa, Labo ya durƙusa. Muka ce ranka ya daɗe, rana ce ta taɓa shi, mu za mu ci, har akushin ma za mu cinye. Na ce akwai mata da yara a gida da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ya ce ya ji, kuma ya tausaya, amma wannan ya ce shi ne shugabanmu, kuma a gaban rumbunan ubansa aka zagi dawa. Iri ba zai bi wanda ya raina shi ba. Ya ce mu huta rana ta yi sanyi mu kama hanya.

Muka zauna jugum. Ni kuwa ina ta tunanin da wane ido zan kalli mai unguwa, da abin da zan ce wa 'ya'yana in kaka ta yi kowa na girbi mu muna kallo. Na juya in wanke Maiwada tas, sai na ga ba ya nan. Labo ya ce ƙila ya tafi duba hanya.

Sai wata jikar Sarkin Noma ta fito daga cikin gida tana cewa, "Kaka, karnuka duk sun taru a bayan madafa, sun ƙi fita!"

Marka ta ɗauki muciya ta nufi wurin, mata suka bi ta, mu ma muka bi. Abin da muka gani, ko yau na rufe ido ina ganinsa. Shugaban tawaga ne zaune dirshan a cikin toka, ya rungume tukunyar tuwo tsakanin cinyoyinsa, yana kankarar ƙanzo da ludayin nan nasa na man shanu, yana turawa baki hannu baka hannu ƙwarya. Kumatu sun cika tim. Karnuka sun yi masa zobe suna ta lasar riga, shi ko a jikinsa.

Marka ta riƙe ƙugu ta ce, "A'a! Jakin wa ya shigo mini madafa?"

Gidan ya ɗauka da dariya, wata mata har da faɗuwa. Sarkin Noma ya iso, ya tsaya ya daɗe yana kallo, gemunsa na rawa.

Ya ce, "Baƙo, yaya ka ji abincin jakin?"

Maiwada ya ɗago. Na ga yana neman jawabi, na ga bakinsa na motsi, na ce shi ke nan, zai ƙarasa mu. Ya haɗiye da ƙyar, ya leƙa cikin tukunya, ya dubi Marka, ya ce da wata 'yar murya, "Inna, akwai ƙari?"

Sarkin Noma ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce shekara da shekaru mutane na zuwa suna yaba dawarsa saboda suna so a ba su, bai taɓa jin yabon da ya kai wannan ba. Ya sa aka dawo da akushi, aka ƙaro wani. Maiwada ya ci malmala ta fi ƙarfin lissafi, yana ci yana gumi, ba Bature ba labarinsa. Sannan aka hau rumbu aka sauko mana da dammunan iri, zangarniya manya-manya, jajaye, abin sha'awa. Muka ɗaure wa jaki dami biyu, saura ɗaya. Na ce zan ɗauka.

Sarkin Noma ya ce, "A'a. Wanda ya ci abincin jaki shi zai ɗauki kayan jaki."

Haka Maiwada ya dawo Unguwar Maitama da damin dawa a ka, a bayan jaki, karnuka biyu sun rako shi har rafi. Mun iso ke nan da kwana ɗaya ruwan shuka ya sauka. Dawar ta yi kyau a ƙasarmu fiye da wadda gara ta ci, kuma har yau in ka je kasuwa ka ce a auna maka Akwai-ƙari, kowa ya san wadda kake nufi. Shi kuwa gogan, kafin a yi noman farko ya riga ya gyara labarin. Wai dabara ce ya shirya tun daga gida don ya sa Sarkin Noma dariya, kuma shi ya ɗauko irin a kansa saboda bai yarda da jaki ba.

Da kaka ta yi, aka tuƙa tuwon sabuwar dawa aka fito da shi ƙofar mai unguwa, kowane gida da akushinsa. Maiwada ya zauna a tsakiya, ya naɗe hannun riga, yana ba yara labarin yadda ya ceci gari. Sai ga Laraba ta aiko da nasa akushin, babba, a rufe. Ya ce a matsa masa. Ya yi bismilla da ƙarfi ya buɗe.

Ba komai a ciki sai ludayin nan, cike da man shanu.

Ya kalli ludayi, ya kalli tuwon da ke gaban kowa, ya juya wajen katangar gidansa ya ɗaga murya.

"Laraba! Ki ji tsoron Allah!"